'Yar Fari a Kan Benci

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan makarantar 'yan matan nan ta Gaya bayan sallar la'asar ya san muryar Malama Larai, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Murya ce da ba ta neman lasifika. "Zulfa! Hannun nan naki na ado ne? Ɗaga shi sama!" "Afra'u, wallahi in kika ƙara bari ta wuce ki sai kin zagaye filin nan sau goma!" 'Yan acaɓan da ke jiran fasinja a jikin katanga sun haddace sunayen 'yan ƙungiyar ƙwallon kwandon nan tas, har in suka ji shiru kwana biyu sai su tambayi maigadi ko Malama lafiya. Suna ɗaya ne ba su taɓa ji daga bakinta ba, kuma shi ne sunan yarinyar da ta fi kowa iya jifa a filin.

Larai 'yar Toranke ce, can ƙasar Ajingi, 'yar manoma gaba da baya. Ta fito doguwa, ta ci gaba da tsawo ba ji ba gani, har mahaifiyarta ta gaji da sauke mata kalmasar riga. Tun tana shekara goma ita ake kira in za a sauko da wani abu daga saman danga. Tsawon da ake yi mata tsiya a kansa a gida shi ya zame mata abin arziki a makarantar kwana, ranar da wata 'yar bautar ƙasa ta ɗora mata ƙwallo a hannu, ta nuna mata wani zagayayyen ƙarfe a saman turke, ta ce ta jefa. Ta jefa, ya shiga. Shi ke nan ciwon ya kama ta, kuma har yau bai sake ta ba.

Da ta gama sakandare aka yi aurenta da Malam Bala, malamin gona ɗan Balan, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa gane abin da ake nema a guje-guje da ƙwallo ba, amma bai taɓa hanawa ba. Shekara na zagayowa ta haifi 'ya mace, aka sa mata Muhsina.

To, gidan su Larai da gidan su Bala duk akwai jinin Fulani ta wajen kakanni, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabonta, ko faɗuwa ta yi ta fasa baki sai dai uwar ta kau da kai ta jira wani ya ɗauke ta. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, da ita ake auna 'yar mutunci. Larai kuwa ta riƙe abin da hannu bibbiyu, don an daɗe ana yi mata gorin cewa boko da ƙwallo sun cire mata kunya, ita kuma ta ɗau alwashin sai ta nuna musu ƙarya suke. Ranar da aka yaye Muhsina, surukarta Iya Rabi ta zo ta goya yarinyar ta tafi da ita Balan kamar yadda aka saba. Larai ta raka su bakin zaure, ta dawo ta shige kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito. Matan gidan suka yaba mata ƙwarai.

Daga baya ta shiga kwalejin ilimi ta karanta ilimin motsa jiki, aka ba ta koyarwa a Gaya, suka tare a can ita da Bala da ƙannen Muhsina da suka biyo baya. Filin da ta tarar a makarantar fili ne a suna kawai, wani tsohon daɓen siminti ne da masu gadi ke shanya gyaɗa a kai. Ta sa ɗalibai suka share, ta je kasuwa mai walda ya lanƙwasa mata rodi biyu, kafinta ya buga allo, aka kafa. Samun 'yan wasan shi ne aikin. Gida-gida ta bi, ta durƙusa a zauruka ta gaida iyaye, ta zaro dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabin da yaran za su sa, ta baje musu a tabarma su gani da idonsu. Wasu suka ce sai sun yi shawara, shawarar da har yau ba a gama ta ba. Wasu suka ce, "Tunda ke ce, Malama, ga amana nan." Da 'ya'yan waɗannan ta fara.

Muhsina ta dawo hannun iyayenta tana da shekara goma sha biyu don ta shiga sakandare. Ta zo da 'yar jakarta, da tsawon uwarta, da shirun ubanta. A gida 'Yar Iya ake ce mata, ita kuma Malama take ce wa Larai, a aji da tsakar gida duk ɗaya. Babu wanda ya ce ta shiga ƙwallo. Wata ranar Litinin kawai aka gan ta a ƙarshen layi sanye da wandon aro. Larai ta ƙirga yara ta ga an samu ƙarin ɗaya, ta ga ko wace ce, ta hura usur aka fara gudu.

To yaya za ka horar da yarinyar da ba za ka kira sunanta ba, ba za ka dube ta ido cikin ido ba? Larai ta samo dabara, kuma ita a ganinta dabara ce ta masu hankali. Akwai Afra'u, ƙawar Muhsina, wata 'yar gajera mai shegen surutu. Duk gyaran da za a yi wa Muhsina ta kan Afra'u yake bi. "Afra'u, faɗa wa ta kusa da ke ta lanƙwasa gwiwa." "Afra'u, ce wa mutuniyarki ba da tafin hannu ake sakin ƙwallo ba, da 'yan yatsu ake saki." Sai Afra'u ta juya ta maimaita, alhali Muhsina na tsaye taku biyu, ta ji komai da kunnenta. Da farko yara suka yi ta dariya, daga baya abin ya zame musu jiki. Gyara dai yana isa inda aka aike shi. Yabo ne ba shi da ɗan aike, don ko ta bakin Afra'u Larai ba za ta iya cewa a faɗa wa 'yarta ta yi ƙoƙari ba.

Kuma ta yi ƙoƙarin, wallahi ta yi. Kafin ta kai aji huɗu babu mai jifa daga nesa kamarta, jifan nan na bayan layi mai maki uku. Ba ta da gudu sosai, ba ta iya turereniyar ƙarƙashin kwando ba, amma a ba ta ƙwallo a ba ta taku ɗaya na sarari, sai dai ka ga raga ta motsa. Duk sanda ya shiga yabo yakan zo wa Larai har baki, sai ta sunkuya ta hau gyaran igiyar takalmi, ko ta juya ta balbale wata baiwar Allah da faɗa a kan laifin da ba ta yi ba.

Maganar saka ta a wasa kuwa, Allah ya kawo sauƙi ta hannun Malam Abdurra'uf, malamin lissafin da ke riƙe wa Larai takardar maki a ranakun gasa. Shi ya gane inda matsalar take ba tare da kowa ya faɗa masa ba. In wasa ya yi zafi sai ya ce, "Malama, a sa lamba sha ɗaya." Ita kuma ko juyowa ba ta yi, sai ta ce, "Kai ka sani." Ya yafito Muhsina, ta shiga ta zuba musu maki. Haka suka ci gasar shiyya, haka suka ci ta makarantun jiha. Shekara da shekaru Larai ba ta taɓa saka 'yarta a wasa da bakinta ba, kuma ba ta taɓa zama ta lura da hakan ba.

A shekarar Muhsina ta ƙarshe a makaranta takardar gayyata ta zo. Za a yi gasar 'yan mata 'yan makaranta a Damagaram, da ƙungiyoyi daga Nijar da Benin da Chadi, su kuma 'yan Gaya su ne za su je daga Najeriya. An kuma ce wata tsohuwar 'yar wasa za ta zo daga Abuja ta duba su, ta ɗauki uku zuwa sansanin horo inda ake tace waɗanda za su sa rigar ƙasa. Ga Muhsina wannan ce dama ta farko kuma ta ƙarshe. Malam Bala ya faɗa tun tuni, cikin sanyin nan nasa da ba a yi masa musu, cewa in ta gama sakandare ƙwallo ya ƙare sai karatu, sai fa in ƙwallon ne da kansa ya buɗe mata wata ƙofar.

Iyaye suka taru a makaranta. Ƙetare iyaka da 'yan mata goma sha biyu ba ƙaramin abu ba ne, aka yi ta ja-in-ja har azahar. A ƙarshe suka yarda bisa sharaɗi biyu: ban da direba babu namijin da zai bi su, kuma sai an haɗa su da dattijuwar da kowa ya yarda da ita, ta zauna ɗaki ɗaya da yaran. Sharaɗin farko ya ajiye Malam Abdurra'uf a Gaya. Na biyu kuwa, ana fara lissafo dattawan mata wani ya ce ai ga Iya Rabi ta Balan, jikarta ma tana ciki. Aka ce madalla, magana ta ƙare. Larai ta yi murmushi ta yi godiya, ranta bai so ba, amma ba ta tsaya ta tambayi kanta dalili ba.

Suka tashi da sassafe ranar Laraba, ta Kano, ta Daura, suka ƙetare a Kwangwalam. Iya Rabi ta zauna gaba da carbinta da ƙullin ƙuli-ƙuli, tana ta yi wa yaran tsiya. "Yanzu ku duk wannan uwar tafiyar don a jefa abu a kwandon da gindinsa a ɓule yake? Kai, Allah ya shirye ku." Yara suka yi ta shewa, har Muhsina sai da ta yi dariya da ƙarfi, abin da Larai ba ta cika ji ba.

Filin Damagaram rufaffe ne, daɓensa sumul, ga fitilu ga allon maki mai wuta. 'Yan Gaya suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon sama sai da Larai ta kora su ciki. Aka kawo wa Iya kujerar roba aka ajiye daidai bayan bencin 'yan wasa, kusa sosai har Larai na jin ƙarar 'ya'yan carbinta.

Wasan farko da masu masauki ne, kuma ya zo da sauƙi. A zango na ƙarshe 'yan Gaya na gaba da maki ashirin, lokacin da kowane koci ke sakin 'yan benci su ma su ɗanɗana. Larai ta yi ta saka su ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage saura Muhsina ta juya, sai idonta ya sauka kan Iya kafin ya sauka kan yarinyar. A gaban surukarta, matar da ta goyi yarinyar nan ta raine ta, ita Larai za ta tsaya ta zaɓi 'yar cikinta ta ce shiga a kalle ki? Ta ce a ranta bari sai gobe, yau ai ba a bukatarta.

Washegari da 'yan Chadi wasan ya yi tsauri, sai ta ce a ranta yau ba ranar gwaji ba ce, alhali ta fi kowa sanin Muhsina ba gwaji ba ce. Da ƙyar suka sha da maki biyu. Afra'u ta same ta a bakin famfo tana alwala, ta ce, "Malama, har yau fa ba a sa sha ɗaya ba." Larai ta daka mata tsawa. "Ke ce kocin ko ni?" Afra'u ta juya ta tafi.

Ranar wasan ƙarshe, ana ɗumama jiki, matar Abuja ta zo ta tsaya kusa da Larai da littafinta a hannu. Muhsina na can gefe tana jifa ita kaɗai. Ta jefa bakwai, shida suka shiga. Matar ta ce, "Koci, wace ce lamba sha ɗayan nan? Kwana biyu ina kallon hannunta. Amma ni ba na rubuta sunan wadda ban ga ta yi wasa ba. Ko minti uku ne ki ba ni ita yau." Daɗi ya kama Larai har kunnuwanta suka yi zafi. Abin da ya fito daga bakinta kuwa shi ne, "Wata yarinya ce dai. Za mu gani." Don haka kada wani ya zo yana yi mata uzuri wai ba ta san abin da ke kan layi ba. Ta sani sarai.

'Yan Kwatano ta Benin da aka kara da su dogaye ne ƙarfafa, kuma kocinsu ba wawa ba ne. Ya lura duk makin 'yan Gaya daga ƙarƙashin kwando yake fitowa ta hannun Zulfa, kyaftin ɗinsu, sai ya tara yaransa biyar a nan suka toshe wurin, suka bar bayan layi fayau babu kowa. Wato in kuna da mai jifa daga nesa, bismillah. Zulfa ta yi ta kutsawa tana karo da mutane, alƙalin wasa na ƙirga mata laifi. Saura minti huɗu a tashi, 'yan Gaya na baya da maki biyar, ta yi laifi na biyar, wanda a dokar wasan shi ke fitar da mutum gaba ɗaya. Ta fito tana kuka.

Dole a saka wata. Bencin nan kaf ya juya ya kalli Muhsina. Afra'u daga cikin fili tana nuna ta da hannu biyu, ta manta da tsawar jiya. Ita kanta Muhsina, yarinyar da ba ta taɓa roƙon komai ba tunda ta zo gidan, ta miƙe tsaye ta fara zuge zif ɗin rigar da ta ɗora kan jesinta. Ba sai an kira suna ba fa. Yatsa ɗaya ya isa, ko ɗaga haɓa. Larai ta juyo da niyyar yi, Allah shi ne shaida da niyyar yi ta juyo. Sai ta ga Iya ta daina jan carbi ta tsura mata ido. Matar Abuja ma daga teburin alƙalai ita take kallo. Larai ta ji a jikinta duk wanda ke zauren nan ya san 'yarta ce, duk jira suke su ga marar kunyar da za ta tura 'yar farinta gaba a bainar jama'a.

"Ummu Salma," in ji ta. "Tashi ki shiga."

Ummu Salma 'yar aji uku ce, yarinyar kirki, an taho da ita ne don ta ga gari ta koyi zaman gasa. Ta zaro ido ta ce, "Ni, Malama?" Muhsina ta mayar da zif ɗinta sama a hankali ta zauna. Har ta ɗan matsa ta ba Ummu Salma hanya, ta dafa kafaɗarta ta ce kada ta ji tsoro.

Minti huɗun nan Larai ta yi ihu kamar yadda ta saba, ta kira sunaye, ta buga ƙafa, amma hankalinta ba ya jikinta. Sau uku ƙwallo ya fita bayan layi ya samu yarinyar da babu mai tsaronta, sau uku ya daki ƙarfe ya dawo. Aka tashi an ci su da maki shida. Matar Abuja ta rubuta Zulfa, ta rubuta Afra'u, ta rufe littafinta da gurbi ɗaya babu suna. Da za ta wuce ta gaban Larai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Koci," ta yi gaba abinta.

Da yamma kafin magariba Larai na zaune a tsakar gidan da aka sauke su, tana sace iskar ƙwallaye tana cusa su a buhu, Iya Rabi ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Larai ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai.

"Larai."

"Na'am, Iya."

"Ciwo ƙawar nan tawa take yi?"

"A'a, lafiyarta ƙalau."

"Laifi ta yi miki?"

"Ba ta yi ba."

"To me ya hana ki saka ta? Ni da gwiwoyin nan nawa na wuni a mota, kina tsammanin 'ya'yan wasu na zo kallo? Tun shekaranjiya nake zaune a bayanki ina jira. Ɗazu da ta miƙe har carbi na ajiye don in gani da kyau."

Larai ta ce, murya can ƙasa, "Kunyarki na ji, Iya."

Tsohuwar ta yi salati ta tafa hannu. "Kunyata? Ni za ki ɗora wa? A'a, 'yar nan, kada ki haɗa ni da wannan alhakin. Mu ma mun yi kunyar 'ya'yan fari, har yau bakina bai taɓa furta sunan babban ɗana ba. Amma ban taɓa hana shi tuwo don kada a ce na ba ɗana ba. Suna aka ce ki ɓoye. Wa ya ce ki danne mata rabonta?"

Ta dafa gwiwa ta tashi ta tafi alwala. Larai ta zauna da ƙwallo a cinya. Da ma faɗa Iya ta yi mata a kan rashin kunya, da ta san inda za ta ajiye shi. Wannan kuwa babu wanda za ta miƙa wa, nata ne ita kaɗai.

Da suka dawo Gaya yara suka kawo jesunansu ofis a haɗa a wanke. Muhsina ce ta zo ƙarshe, tata a ninke tsaf. Ta ce, "Malama, wannan ba sai an wanke ba." Babu kowa a ofishin sai su biyu. Larai ta ga dama ta samu, ta buɗe baki, sai yarinyar ta riga ta.

"Kada ki damu, Malama. Na san ke ba kya son kai. Da na kai ai da kin saka ni. Dama Malam Abdurra'uf ne yake tausaya min."

Ba gatse ba ne, da ma gatsen ne da an ji sauƙi. Da zuciya ɗaya ta faɗa, har tana ƙoƙarin yin murmushi don kada ran uwarta ya ɓaci. To me kake so ta ɗauka? Shekara shida ba ta taɓa jin kalmar yabo ɗaya daga mutumin da ta fi yarda da idonsa ba, sannan ranar da aka fi bukatar mai jifa aka tsallake ta aka ɗauki 'yar aji uku. Maganar na nan a bakin Larai, ta cika shi taf. Abin da ta iya cewa shi ne, "Ajiye a can."

Shekara uku ke nan yanzu. Zulfa ta yi nisa, har an nuno ta a talabijin. Afra'u na wasa wa jami'arta. Muhsina na makarantar koyon aikin jinya a Kano, karatunta na tafiya lafiya lau, kuma tun daga Damagaram ba ta ƙara taɓa ƙwallo ba. Larai na nan tana horar da wasu yaran, muryar na nan yadda take, amma abin bai bar ta ba. Tana cikin tuƙin tuwo zai faɗo mata, tana cikin sallah zai faɗo mata, hannun nan yana mayar da zif sama a hankali. Ta taɓa tambayar malaminsu na Islamiyya, a kaikaice kamar labarin wata take bayarwa. Ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ko da kuwa ɗan cikinka ne. Ta yi ta shirya maganar a ranta, hutu ya zo hutu ya wuce ba ta faɗa ba.

Sai hutun babbar sallar da ta wuce. Muhsina na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, Malam Bala na kan tabarma da rediyonsa, ga maƙwabta mata biyu sun shigo barka da sallah. Haulat, ƙanwar Muhsina da ta shiga ƙungiyar bana, ta ɗaure tsohon bokiti marar gindi a jikin darbejiya tana ta jifa ba ya shiga. Ta gaji ta ce, "Yaya, don Allah zo ki koya min na maki uku. An ce kin iya."

Muhsina ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ya faɗa miki? Ni 'yar benci ce. Jira Zulfa ta zo hutu ta koya miki."

Larai na kicin ta ji. Ba ta san sanda ta fito ba, muciya a hannu.

"Muhsina."

Malam Bala ya rage muryar rediyo. Maƙwabtan suka dubi juna, ɗaya ta kama haɓa.

"Shekara goma sha biyar ina koyar da ƙwallo, ban taɓa samun mai hannunki ba, ko Zulfa ba ta kama ƙafarki a jifa ba. Ranar Damagaram matar nan ke ta nema, da bakinta ta roƙe ni in saka ki. Ni na hana. Ba don ba ki iya ba, kunya ce ta banza ta kama ni, na cuce ki. Ki yafe min don Allah."

Hawaye na zubo mata, ba ta ko goge ba. Muhsina ta ɗago ta dube ta, kunya ta rufe ta ita ma, ta yi ɗan murmushi irin wanda take yi wa marasa lafiya a asibiti.

"Haba Malama, wallahi ba komai, ai ya wuce. Na yafe duniya da lahira. Amma ba sai kin faɗi haka don ki faranta min ba, ni na san iyakata." Ta mayar da kai kan farantinta. "Tuwonki fa zai kama."

Larai ta tsaya a wurin da muciyarta. An yafe mata, da gaske kuma aka yafe, amma ko kalma ɗaya yarinyar ba ta yarda da ita ba, kuma babu wata rantsuwar da za ta yi yanzu ta sa ta yarda. Haulat ta sake jifa, ƙwallon ya daki bakin bokiti ya gangaro ya tsaya a jikin ƙafar Muhsina. Ba ta ɗauka ba, ta sa ƙafa ta tura wa ƙanwarta, ta ci gaba da tsince shinkafa.